Ba-Yanzu-Ba, Mai Raba wa Motoci Wuta

Ƙarfe shida da rabi na yamma, lokacin da ake ɗora tukwane a kowane hawa, yara na kunna talabijin, masu dawowa daga aiki na rige-rigen kunna na'urar sanyaya ɗaki tun ba su cire takalmi ba, shi Injiniya makullinsa yake ɗauka ya nufi ɗakin mita. Ɗakin yana can bayan wurin ajiye motoci, ba taga, sai ƙwan fitila ɗaya da kujerar roba mai karyayyen hannu. Ba ya fara duba ma'auni. Bayan hannunsa yake fara ɗorawa a kan murfin akwatin wuta, kamar uwa mai taɓa goshin ɗanta, sannan ya bi rigar manyan wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sai ya gama jin ɗuminsu a fatarsa yake maƙala ma'auni, ya rubuta abin da ya gani a littafinsa mai baƙin bango. Nan zai zauna har ƙarfe tara, lokacin da gidan ke fara sauke nauyi. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan zama, kuma da wuya a ƙirga mutum goma da suka taɓa leƙa ɗakin don gaisuwa kawai.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ba a shirya masa taro ba, domin babu wanda ya tuna, kuma wannan abin kunya ne a kanmu mu mazauna gidan. Saboda haka ga abin da ya kamata a faɗa a gabansa, tun yana da ransa da kunnensa.

Gidan bene ne mai hawa shida, iyali arba'in da takwas, lifta ɗaya, da injin da ke tura ruwa sama. Injiniya yana ƙasa, gida mai lamba ɗaya, ɗaki da falo, ƙofarsa na kallon bayan motoci. Matarsa ta rasu shekara takwas da suka wuce. 'Yarsa tilo, wadda yake ce wa Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci, ta auri direban tasi, kuma Allah ya sa suka samu gida a hawa na biyar. Kullum ƙarfe biyar takan sauko da kwanon abinci da yaranta biyu, ta zauna tana ba shi labarin abin da bai tambaya ba, yaran na birkita masa akwatin kayan aiki. Wannan awa ɗaya da rabi ita ce duk hirar da yake samu a yini, kuma ta ishe shi.

Sai motoci masu amfani da lantarki suka fara shigowa. Wata nas ce ta fara saya, shugaban kwamitin mazauna, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya biyo baya, kafin shekara ta zagayo sun kai goma sha biyu. Kowa yana so a kafa masa cajarsa a daidai inda yake ajiye mota, ya dawo daga aiki ya soka ya haye sama. Aka kira taro, aka ajiye takarda a gaban Injiniya, domin ba a kafa komai a gidan sai da sa hannunsa.

Ya yi musu bayani da muryarsa mai sanyi. Ya ce babbar wayar da ke shigo da wuta gidan an shimfiɗa ta tun ba a yi mafarkin irin motocin nan ba. Ya ce caja ɗaya tana jan wuta kusan yadda gida guda ke ja in an kunna komai nasa, don haka caja goma sha biyu a ƙarfe shida da rabi daidai take da a ɗora gida goma sha biyu a kan benen ba tare da an ƙara kaurin waya ba. Ya nemi a ba shi shekara guda, zafi ɗaya da sanyi ɗaya, ya auna ya ga abin da ke saura bayan kowa ya ɗebi nasa. Ciyaman, mutum ne mai son a gama magana kafin shayinsa ya huce, ya tura masa biro.

"Injiniya, ba lacca muka zo ji ba. Sa hannu kawai muke so."

"Ranka ya daɗe, ba yanzu ba."

Daga ranar sunansa ya canja. A gabansa Injiniya, a bayansa Ba-Yanzu-Ba. Mai ɗaukar alƙalamin nan ma ya kira shi da sunan, kuma ya yi dariya da aka yi.

Shi kuwa sai ya ƙara wa kansa baƙin jini da hannunsa. Ya ɗauki littafinsa ya bi gida gida yana tambaya: ƙarfe nawa ake girki, yaushe ake guga, sau nawa ake kunna hita, mai gida ƙarfe nawa yake fita, tafiyarsa a yini ta kai nawa. Wata a hawa na uku ta ce masa ya dawo gobe za ta rubuta masa lokacin da suke atishawa. Wasu suka riƙa yin shiru in sun gane ƙwanƙwasarsa, har da rage muryar talabijin, alhali yana jin motsinsu. Gaisuwar da ake yi masa a bakin lifta ta koma ɗaga gira. Masu motocin dai dole suka ci gaba da zuwa tashar caji ta can wani gefen gari suna bin layi, kuma duk wanda ya dawo a gajiye ya san wanda zai tsine wa a zuci.

A cikin masu bin layin har da surukinsa. Direba ya sauya tasinsa zuwa mai lantarki, kuma safiya ita ce kasuwarsa. Duk ranar da gari ya waye masa a tashar caji, fasinjojin sammako sun wuce shi. Ya sauko ya durƙusa a falon Injiniya, ya gaishe shi da ladabi, ya ce soket ɗaya kawai yake roƙo, ko na ɗan lokaci, ba wanda zai sani. Injiniya ya saurare shi har ƙarshe, ransa na sosuwa, domin yana ƙaunar mutumin kuma ya san gaskiya yake faɗa. Amma amsar da ya ba Ciyaman ita ya ba shi.

Bayan mako uku, wata yamma, bayan hannunsa ya gaya masa abin da bai so ji ba. Layin hawa na biyar ya yi ɗumin da bai taɓa yi ba. Ya zagaya bayan gini, sai ga waya siririya, irin wadda ake jona dutsen guga, ta sauko daga tagar kicin ɗin 'yarsa, ta bi bututun ruwa har zuwa tasi. Robarta ta yi laushi don zafi. Kuma a hanyarta ta gifta ta jikin labulen wata tsohuwar malamar makaranta da ke hawa na huɗu, wadda ba ta iya tashi daga keken guragu sai an ɗaga ta.

Ya kashe layin, ya zare wayar, ya naɗe ta a gwiwar hannu. Mai gadi ya ce ya gan shi tsaye a gindin matattakala ya fi minti goma da wayar a hannu, kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Bai shiga lifta ba, da ƙafa ya hau hawa biyar ɗin, wataƙila don hanyar ta ƙara tsawo. 'Yarsa ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi wayar, ta dube shi.

"Baba, a duk gidan nan an rasa wanda za ka fara da shi sai mijina?"

"Uwata, wayar ta yi zafi. Ta tagar Malama ta bi."

"To, mun ji."

Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta mayar da ƙofar a hankali. Da ta buga ta da ƙarfi ma da ya fi masa sauƙi.

A nan, don gaskiya, akwai inda Injiniya zai iya sassautawa bai sassauta ba. Ya saka abin a rahotonsa na wata, da lambar gidan, kamar yadda yake saka na kowa. Kwamiti ya karanta, aka liƙa gargaɗi a bakin lifta, kuma babu wanda bai san da wa ake ba. Direba ya zama abin nuni a gidan da yake zaune. Wannan shi ne ciwon da ya ƙi warkewa. An tambayi Injiniya daga baya ko ya yi nadama, ya ce in ya ɓoye na surukinsa, da wane baki zai hana na hawa na biyu gobe. Amsar daidai ce, amma ba ta taya mutum cin abinci.

Kwanon abinci bai daina zuwa ba, domin 'yarsa ba marar tarbiyya ba ce. Sai dai yanzu mai gadi ake ba ya ajiye a bakin ƙofa. Ƙarfe biyar na yi Injiniya ya buɗe ƙofarsa ya bar ta a buɗe, ya zauna yana jin lifta na sauka da hawa. In ta tsaya a ƙasa sai ya gyara zama. Wani lokaci jikokin ne, su ɗaga masa hannu daga nesa a ja su a wuce. Ya ci abincinsa shi kaɗai, ya wanke kwanon, ya goge, ya mayar wa mai gadi. Akwatin kayan aikinsa ya zauna tsaf, kowace filaya a gurbinta, kuma ya gaya wa mai gadi cewa bai taɓa ƙin ganin tsabta ba sai a kan akwatin nan. Wata goma sha bakwai aka yi a haka.

Kai ne, Injiniya, ka sha wannan kaɗaici ba ka kai ƙarar kowa wurin kowa ba. Kai ne aka daina amsa wa sallama da rana, da yamma kuma ka je ka taɓa wayar gidan wanda ya ƙi amsawar don ka tabbata 'ya'yansa za su kwana lafiya. Gagara lallashi, mai bayan hannun da ba ya ƙarya. Sa hannu ɗaya ya isa ya dawo maka da gaisuwar gida arba'in da bakwai da hirar ƙarfe biyar, biro kuma yana aljihunka kullum, ba ka zaro shi ba.

Da shekarar ta cika ya zo taro da takarda uku kacal. Ya ce wutar da ke shigowa gidan ya kasa ta kashi uku. Na farko na lifta ne da injin ruwa, wannan ko sama da ƙasa za su haɗu ba a taɓa shi. Na biyu na gidaje. Abin da ya rage shi ne na motoci, kuma shi ba tsayayye ba ne: a ƙarfe shida da rabi ɗan kaɗan ne, bayan tara yana da yawa. Tambayoyin da aka yi ta yi masa ba'a a kansu su suka nuna masa cewa yawancin motocin tun yamma suke tsaye har safe, kuma tafiyarsu ta yini ba ta cinye ko rabin batir, don haka babu dalilin da zai sa su sha gaba ɗaya a lokaci guda. Ya ce a kafa caja takwas a layi ɗaya, da wata na'ura mai lura da nauyin gidan, ta rage wa motoci in ana girki, ta sakar musu in an sauke tukwane. Sannan ya ware wani ƙaramin layi da ba a rage shi, na 'yan sammako su uku: nas, da wani mai kai burodi shaguna, da Direba.

Ciyaman ya tambaye shi ina ya samo wutar wannan layin, tunda shi da bakinsa ya ce babu rara a lokacin girki. Injiniya ya ce an samu. Ba wanda ya ƙara tambaya, domin mutum in ya samu abin da yake so ba ya tsananta bincike. Aka kafa, ya sa hannu. Direba ya samu cajarsa, amma ya ce aikin kwamiti ne, kuma hawa na biyar bai sauko ba.

A makon da zafi ya kai maƙura, benen da ke tsallaken titi, inda kowa ya kafa cajarsa yadda ya ga dama, babbar wayarsu ta ƙone wajen ƙarfe bakwai na yamma. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma kwana tara suka yi ba wuta, ana hawa da ruwa a bokiti, an sauko da wani dattijo a kan kujera mutum huɗu na nishi. A namu gidan, a daidai wannan lokacin, cajojin suka rage shansu da kansu, ko ƙwan fitila bai ƙifta ba. Malama ta shiga lifta da kekenta ta sauko shan iska kamar kullum. To me muka yi? Washegari Ciyaman ya aiko a gaya wa Injiniya cewa motarsa ba ta cika ba jiya. Wannan ita ce godiyar. Aikin irinsa haka yake, in ya yi kyau babu abin da ke faruwa, kuma ba a saukowa a gode wa mutum don babu abin da ya faru.

A cikin makon ne mai gadi ya riƙa ganinsa zaune a bakin ƙofa da singileti, yana fifita da murfin kwali, gumi na bin wuyansa. Ya tsokane shi, wai Injiniya guda na'urar sanyaya ɗakinsa ta lalace ya kasa gyarawa. Injiniya ya yi dariya, ya ce tsufa ne, sanyin na'ura yana sa masa ciwon gwiwa.

Asirin bai tonu ba sai farkon watan nan, da aka turo wadda za ta gaje shi. Injiniya ce mai yawan tambaya, ta zauna da baƙin littafin kwana uku tana bin shafi shafi. A shafin rabon gidaje ta tsaya. Kowane gida an ware masa amfiya arba'in, wato ma'aunin da masu aikin wuta ke auna abin da waya ke ɗauka. Gida mai lamba ɗaya kuwa an soke arba'in an rubuta goma, talatin ɗin an ja musu kibiya zuwa layin 'yan sammako. Ta ɗauka kuskuren biro ne, ta nuna masa. Ya ce ba kuskure ba ne. Na lifta ba nasa ba ne, na maƙwabta ba nasa ba ne, ba zai taɓa su ba. Amma nasa nasa ne. Goma ta ishi fitila da fanka da ƙaramin firij.

Ita sabuwar injiniya ba ta san akwai wata ƙura tsakanin uba da 'ya ba. Ta gamu da 'yar a lifta, ta gane ta da kamanni, ta ce mata don Allah ta lallashi Baba ya daina wahalar da kansa, ga sanyi ya shigo mutum mai shekarunsa yana wanka da ruwan sanyi. Kafin lifta ta kai hawa na biyar ta gama ba ta labarin talatin ɗin duka.

Washegari da hantsi 'yarsa ta sauko, ita kaɗai, ba kwano. Ta shiga falon da ta yi wata goma sha bakwai ba ta taka ba. Inda na'urar sanyaya ɗaki take a da, rami ne an toshe da katako. Hitar banɗaki an zare wayarta an naɗe da salatif. Murhun lantarkin mahaifiyarta yana saman kabad an lulluɓe shi da tsumma. Ta gama kallonsu ɗaya bayan ɗaya, sai ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Baba, me ya hana ka faɗa?"

"Da na faɗa, mijinki ba zai karɓa ba. Kuma ba shi kaɗai na ba ba, su uku ne."

Ta yi kuka, shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya tashi yana neman mata kofi a inda ya san ba kofi. Washegari da asuba aka ƙwanƙwasa ƙofarsa, ya buɗe ya gan ta da bokitin ruwan zafi yana tururi, ta sauko da shi tun daga hawa na biyar. Ya dubi bokitin, ya dube ta, hali ya motsa.

"Uwata, ƙarfe nawa kika kunna hita?"

"Biyar da rabi, Baba."

Ya ɗan yi lissafi a ka, ya ce ba laifi, lokacin gidan bai tashi ba. Sannan ya karɓa.

Kada a ɗauka komai ya gyaru. Direba har yau bai sauko ba. Mai gadi ya ce kullum da safe in ya zare caja yakan rage gudu a daidai ƙofa mai lamba ɗaya, har ya taka birki, sai kuma ya wuce. 'Yar ta so ta matsa masa, Injiniya ya ce ta ƙyale shi, kunya ta fi fushi wuyar haɗiyewa, zai zo da ƙafarsa. Sabuwar injiniya ta ce za ta nemi hanyar mayar masa da talatin ɗinsa, ya ce ta bari sai ranar da aka shigo da waya mai kauri, kuma ranar ba a sa ta ba. A gidan zai ci gaba da zama bayan ritaya, da gomarsa, da katakonsa a bango. Zafi mai zuwa ma da murfin kwali zai tarbe shi.

Injiniya, mun gode. Mun gode da "ba yanzu ba" ɗin da muka mayar abin dariya. Mun gode a madadin Malama, wadda har gobe ba ta san abin da ya gifta ta jikin labulenta ba, da yaranmu da ba su taɓa hawa bene da bokiti ba. Ka yafe mana ƙofofin da muka ƙi buɗewa. Allah ya sanyaya maka kamar yadda ka hana wayarmu zafi, ya sa ka gama lafiya, ya kawo maka surukinka har falo.

Ku kuma masu irin aikinsa, a duk gidan da motocin nan suka fara shigowa, ku auna kafin ku sa hannu, ku ware na lifta da na ruwa kafin na kowa, kuma in za ku yi kyauta ku yi da rabonku. Mu mazauna kuwa namu mai sauƙi ne. Saura kwana tara ya miƙa makulli. Ƙarfe shida da rabi yana ɗakin mita, ƙofar ba a kulle take ba. Duk mai zuwa ya taho da kujerarsa, domin guda ɗaya ce a ciki.